Bazazzagi Ya Ji An Ce Kyauta

Bawana Bazazzagi, injiniyan kwamfutocin ofis, ina gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa yaronsa. Da fatan ka sha fatenka na safe hankali ya dawo jiki, domin maganata da kai yau mai ɗan tsawo ce.

Labarinka ya shiga mota a Kwangila ya sauka a Unguwa Uku tun kafin ka gama share gumi. An ce ranar Juma'a, bayan jama'a sun tashi daga aiki, kai sai ka dawo da 'yar filashi a aljihu, ka bi kwamfutocin ofishinku ɗaya bayan ɗaya kana share Windows kana ɗora Linux. Ba wanda ka shawarta sai oga, shi ma a tsaye, ƙafarsa ɗaya a cikin mota. Ranar Litinin bayin Allah suka iso, kowa ya kunna tasa ya ga fuskar da bai sani ba. An ce Hajiya mai buga takardu ta dubi allo, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ce a kira mata maigadi, ɓarayi sun shigo sun musanya mata kwamfuta. Akanta bai ce uffan ba, hularsa kawai ya cire ya ɗora a kan fayil. Masinja ne kaɗai ya yi murna, don ranar ba wasiƙar da ta fita. Kai kuwa kana bin tebur-tebur kana washe baki kana cewa, “Ku yi haƙuri, kwamfutan nan yanzu ya fi gudu, kuma manhajan kyauta ne.”

Ban kama ka da laifin mayar da kwamfuta namiji ba. Wanda ya tashi yana jin ana cewa “matana ya tafi unguwa” ba za a tsaya yi masa shari'a a kan na'ura ba. Inda na tsaya shi ne wurin kyautar nan. Ku kun yi boko, ba mai musu, tun 1962 kuke zaune da jami'a a ƙofar gida. Amma ranar da aka raba lissafin kuɗi kuna aji, sai aka bar mana shi duka a Kano. Bazazzagi in ya ji an ce kyauta, ko allurar asibiti ce sai ya ce a ƙara masa ɗaya ya kai wa mai ɗakinsa.

To zo mu yi lissafin, irin na Kantin Kwari. Ka ce ka tsirar wa ofis da kuɗin lasisi. Wane lasisin? Tsakaninka da Allah, yaushe rabon ofishinku ya sayi Windows da kuɗinsa har aka ba shi rasit? Ni da kai mun san yadda take shiga ƙananan ofisoshinmu. Ko dai ta zo a cikin kwamfuta 'yar gwanjo, da tambarin wani kamfanin Turai manne a bayanta, ko kuma yaron shagon gyara ya zuba ta daga filashinsa haɗe da Office da duk abin da ka ambata, a sallame shi da kuɗin abincin rana. Bature da ke biyan lasisi a kan kowane tebur, in ya ce ya rage kashe kuɗi, akwai abin da ya rage. Kai ka ɗauko hujjarsa ɗungurungum ka kai wa ogan da bai taɓa ganin takardar lasisi da idonsa ba. Ka karɓe masa abin da yake samu a banza, ka ba shi wani na banzar, sannan ka ɗora masa mako guda na tsayuwar aiki. A kasuwa, wannan ciniki sunansa faɗuwa.

Abin haushin shi ne kana da hujjoji masu kyau, ka bar su a aljihu tare da filashin. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina toshe wa Windows 10 kafofin tsaro, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 tana da zaɓe, ba kowace kwamfuta take yarda ta hau ba, sai mai wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Galibin akwatunan da ke kan teburanku sun girmi wannan sharaɗi. Ke nan ko dai oga ya sayi sababbi a farashin dalar yau, ko ya ci gaba da kwana da ƙofa a buɗe, ko ya ɗora wa tsofaffin manhajar da ba ta raina tsufa. Ga bairos ɗin filashi, wannan da kan ɓoye wa mutum fayilolinsa ya jera masa na bogi, wanda ba ofishin da bai sha hannunsa ba. A Linux ba ya tashi, ko da yake yana iya kwanciya a filashin ya bi wani gida. Ga kuma wadda ba ma son faɗa a gaban mutane: fasasshiyar manhaja kayan sata ce, kuma wanda ya fasa ta ya miƙo maka, ba ka san abin da ya cusa a cikinta ba. Da waɗannan ka faɗa, da ni kaina na ce a rubuta ranar, yau Bazazzagi ya yi magana.

Kuma kada ka je kana yaɗawa cewa Bakano ya raina Linux. Ban raina ta ba. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a ɗakinsa. Ɗalibi ne irin naku na Samaru, bambancin kawai shi ya ƙarasa abin da ya fara. Ya sake ta a kan sharaɗin kowa ya duba cikinta, ya gyara, ya raba, amma in ya raba gyararriyar to ya bayyana gyaran da ya yi. Yau wayar Android da ke hannun Hajiyar da ka firgita a kan Linux aka gina ta. Tun 2017 kwamfutoci 500 da suka fi kowanne ƙarfi a duniya duka da ita suke aiki. Amma a kan teburin ofis, har gobe 'yan kaɗan ne cikin ɗari suke amfani da ita. Ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka dalili? Waɗancan manyan injinan ba su da Hajiya a gabansu, ba su da akanta, ba su da tarin takardun shekara goma sha biyar da aka buga da wata manhaja daban. Teburin ofis yana da duka ukun, kuma su ne ka tsallake.

Tunda kai ɗan boko ne, bari in karanta maka tarihi ka ga ba kai ka fara ba. Ka san Munich ta Jamus, ko ba don komai ba don ƙwallo. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar raba kwamfutocin ma'aikatanta da Windows, domin wadda suke kai a lokacin, NT 4.0, wa'adinta ya zo ƙarshe, irin dai abin da ya same ku. Maganar ta girgiza Microsoft har shugabansa na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya katse hutun da yake yi ya zo takanas wurin magajin gari, Christian Ude, yana ta zabge farashi kamar mai tumatir da magariba. Majalisa ta ce ta gode, ta ci gaba da shirinta. Suka gyara tasu Linux ɗin suka raɗa mata LiMux. Sai a 2006 aka fara ɗora ta a teburan ma'aikata gadan-gadan, ba a kuma ce an kammala ba sai ƙarshen 2013, da kwamfutoci kusan 15,000. Shekara goma cur, bawana. Jamusawa da kansu, masu ƙera Marsandi. Kai kwana biyu, da Asabar da Lahadi.

Ba zuba manhajar ce ta ci musu shekarun ba, wannan ko kai ka iya. Abin da ya ci su shi ne bin sashe-sashe ana tono abin da kowa yake aiki da shi. Suka tarar kowane ofis yana da nasa fom, da nasa tsarin wasiƙa, da wasu 'yan dabaru da wani ma'aikaci ya ƙulla a cikin Word ko Excel shekaru da suka wuce, ya yi ritaya ya bar su ba mai sanin yadda suke aiki, dubbai a warwatse. Sai da aka tattara, aka zubar da na zubarwa, aka sake gina sauran. Birnin ya ce ya tsira da sama da Yuro miliyan 10.

Sai ka ce an gama, ko? A 2014 aka yi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda tun farko ba masoyin tsarin ba ne. Ƙorafe-ƙorafen ma'aikata, waɗanda a da ake ji ana wucewa, suka sami kunne a sama. A 2016 Microsoft ya taso da hedikwatarsa ta Jamus daga bayan gari ya dawo da ita cikin Munich. Masu mulkin birnin sun ce wannan ba shi da alaƙa da abin da ya biyo baya, ni ma ban ce yana da ita ba, Bakano ne dai ba ya ganin ciniki biyu sun zo a jere bai ɗaga gira ba. A watan Nuwamban 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan Yuro miliyan 50. Masanan da aka ɗauko suka binciki matsalar kuwa sun nuna babban ciwon yana ga yadda aka rarraba kula da kwamfutocin a hannun sassa barkatai, kowa da nasa sarki. Da aka sake zaɓe a 2020, sabuwar gamayyar da ta karɓi majalisa ta ce daga yanzu, duk inda ya yiwu, buɗaɗɗiyar manhaja za a fifita. An je, an dawo, ana shirin sake tafiya. Ka lura da abin da ya jujjuya su, mutumin da ke kan kujera ne. Kai kuwa duk goyon bayan da kake taƙama da shi gyaɗa kai ne aka yi maka a bakin mota. Ranar da aka yi wa ogan nan canjin wurin aiki, wa zai tsaya maka?

Waɗanda suka yi abin ya zauna su ne jandarmomin Faransa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sai an yi musu bayanin jandarma ba. Jandarmomin ba su taɓa Windows da farko ba sam. A 2005 suka cire Microsoft Office suka sa OpenOffice, a kan Windows ɗin da kowa ya saba da ita. A 2006 suka sauya manhajar shiga intanet da ta wasiƙa zuwa Firefox da Thunderbird. Sai a 2008 suka ce to yanzu za a fara hawa Ubuntu, shi ma rukuni-rukuni, har suka gyara tasu suka kira ta GendBuntu. Ranar da aka sauya wa jandarma babbar manhajar, ya tarar da abin rubutunsa da na wasiƙarsa da na intanet duk tsofaffin abokansa ne, abin da ya baƙunce shi kaɗan ne. Yau kwamfutocinsu sama da 100,000 suna kanta. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus, da ta sanar a 2024 za ta sauya wa kwamfutoci kimanin 30,000 manhaja, ita ma wannan layin ta bi: LibreOffice tukuna, sai wasiƙu, Linux a ƙarshe. Kuma kada ka manta jandarma mutum ne da in an ce ya juya dama zai juya, ba tambaya. Duk da haka aka lallaɓa shi shekara uku. Hajiya ba jandarma ba ce. Ta riga ka shiga ofishin nan, ta ga ogogi sun zo sun tafi, kai kuma lokacin da ta fara buga takarda kana yawo ba wando a Tudun Wada.

Mu dawo kan kukanta, domin tana da gaskiya. An ce ta buɗe tsofaffin takardunta na Hausa ta ga ƙasa ta koma “}asa”, ɗaki ya koma “]aki”, ta ce aljanu sun shiga fayil. Ba aljanu ba ne, Bazazzagi ne. Lokacin da kwamfuta ta zo mana ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu, Bakano ne fa, ka riƙe wannan, shi ya ƙirƙiro font irin su Rabi'at da aka daɗe ana buga Hausa da su. Dabarar irin waɗannan tsofaffin font ita ce a ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin da ba a cika taɓawa ba a kibod. In font ɗin yana cikin kwamfuta, ka ga Hausa tsaf. In ka share shi, alamomin asali su fito tsirara. Da ka kwafe shi kafin ka yi shara ka zuba a Linux, aikin da bai kai shan shayi ba, da ba wanda ya ji kanku. Ka ji kunya, mutumin garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi ne ya kori haruffan Hausa daga ofis. Maganin dindindin kuwa yana hannunka ba ka nuna mata ba: Linux tana zuwa da tsarin kibod na Hausa, har biyu ma, na Najeriya da na Gana, wanda ke rubuta haruffan na ainihi, su fito daidai a kowace na'ura har a waya.

Haka wasiƙun Turancinta. LibreOffice tana buɗe fayil ɗin Word, amma in font ɗin da aka buga da shi babu, sai ta ara wani, layi ya zame, sa hannun oga ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai. Akwai waɗanda aka yi musamman don su cike gurbin, Carlito a madadin Calibri, Liberation Serif a madadin Times New Roman, faɗinsu ɗaya. Sannan takardar da za ta fita waje a mayar da ita PDF, kowa ya gan ta yadda aka tsara. Wannan karatun rabin yini ne. Kuma LibreOffice ɗin nan tana hawa Windows lafiya lau, da tun watannin baya ka sa mata ita tana wasa da ita.

Shi kuwa akanta, shirun nan nasa ya fi kukan Hajiya haɗari. Fayil ɗin albashin da ke hannunsa gado ya ci daga wanda ya gabace shi, shi ma gado ya ci. A cikinsa akwai ƙulle-ƙullen lissafi da aka rubuta da harshen da Excel ke ji, ka danna maɓalli ɗaya ya cire haraji da fansho da bashin ƙungiya ya fitar da na kowa. Manhajar lissafin LibreOffice tana iya yawancin abin da Excel ke yi, amma irin waɗannan ƙulle-ƙullen wani ta gane, wani ta tsaya tana kallonka. Mutane za su yafe maka sauyin allo. Za su yafe maka firinta. Amma in wata ya kai 28 ba a ji ƙarar waya ba, aka tambayi akanta ya nuna ƙofarka da baki, to ko ganuwar Zazzau ba za ta ɓoye ka ba. Ka mayar masa da Windows a kwamfutarsa, ta halal, a saya da rasit, tunda guda ɗaya ce. Ba ridda ba ce. Munich da kanta, a ganiyar LiMux, ta bar wasu teburan a kan Windows saboda manhajojin da ba su da madadi.

Haka yaron da ke zana muku katin shaida da kalanda. Da CorelDRAW ya koyi sana'a, ita kuwa ba a yi ta don Linux ba. Na ji ka ce masa ga Inkscape, ta fi kyau. Wataƙila. Amma maɗaba'ar da yake kai wa aiki fayil ɗin Corel suke karɓa, ba za su sauya don wani Bazazzagi ya karanta abu a intanet ba. Firinta kuwa sa'a ce: da yawa kana sa waya suke kamawa, ba ka nemi komai ba, wasu kuma, musamman masu arahar nan da na'urorin ɗaukar zanen yatsa, sai ka yi ta fama. Ana gwada wannan ne kafin, da kwamfuta ɗaya a lungu. Ita filashin da ke aljihunka ma tana ba ka damar tayar da Linux ka gwada komai ba tare da ka goge ko harafi ɗaya ba. Ka sani sarai, zumuɗi ne ya hana ka.

Ko a nan gida an taɓa irin wannan kokawa, kana makaranta lokacin. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin ɗalibai na Intel guda 17,000 don makarantun Najeriya, da wata Linux ta Faransa mai suna Mandriva a kansu. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer ɗin nan dai buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, Microsoft ya ce bai yi ba daidai ba, daga baya hukumar da ta ɗauki nauyin mafi yawan kwamfutocin ta ce Mandriva za a bari. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Kamfanin Mandriva kuwa ya rufe a 2015. Abin da nake so ka ɗauka a nan, wanda ka ɗora ofis a kansa ka duba ko zai kai baɗi. Na ji Ubuntu ka sa, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Ina fatan mai dogon wa'adin ka ɗauko, wadda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu ana kula da ita shekara biyar, ba ta tsakanin nan mai wata tara ba. Na san halinka da son sabon abu.

Saura baƙin allon nan. An ce duk wanda ya kira ka, maimakon ka nuna masa inda zai danna, sai ka ture shi gefe ka buɗe baƙin allo ka hau zuba rubutu da sauri, kana satar kallon 'yan hidimar ƙasa ko suna gani. Sun gani. Abin da suka fahimta shi ne wannan abu sai mai asiri. Alhali sa manhaja, haɗa intanet, sauya font, duk ana yi da linzami ba tare da an rubuta kalma ɗaya ba. Kana gina wa kanka sarauta, kana haƙa wa Linux kabari. Ka tafi Zariya ɗaurin aure ranar Alhamis, wata kwamfuta ta ƙi tashi, wa za a kira? Yaron shagon gyara. Shi kuwa magani ɗaya ya sani, ya ce sai an yi fomatin, kafin ka dawo ya mayar da Windows har da hoton ciyawa. Daga nan kowa zai gano hanya, duk tafiyar da ka yi sai tebur ɗaya ya koma gidan jiya.

Tunda aikin gama ya gama, kada kuma ka ruɗe ka goge komai ka koma, ka yi Munich a mako biyu. Masu shiga intanet da buga wasiƙa, waɗanda su ne mafi yawa, ka bar su inda suke, nan da wata guda sun manta. Ka je ka durƙusa wa Hajiya da goro, ka mayar mata da haruffanta, ka zauna kusa da ita kana kallo tana dannawa da hannunta, bakinka kawai zai yi aiki. In ta karɓa, ofis ya karɓa, domin ita ake ji ba kai ba. Ka ɗauki yaro ɗaya ka koya masa duk abin da ka sani, ka rubuta a takarda a ajiye a durowa. Sannan ka sa oga ya sa hannu a takardar amincewa yana zaune a kujera, ƙafafunsa biyu a ƙasa.

Ni ma akwai wasu tsofaffin kwamfutoci a shagona da Windows 11 ta ce ba ta san su ba, ni kuwa ban ga dalilin zubar da abin da ke kunnuwa ba. Rasit kawai suke bugawa da lissafin kaya, ba ƙulle-ƙulle a ciki, yarana kuma tuni na sa musu LibreOffice suna ta dannawa, ka ga bambancin wanda ya iya ciniki. Ranar Asabar ka taho da filashin. Kuɗin mota naka ne, zuwa da komawa. Ladan aiki kuwa, kai da bakinka ka ce abin kyauta ne, ba zan saɓa maka ba. Zan dai rage maka wani abu daga kuɗin sharar da ka ƙi biya tun cika-cikin bara, in kuma firinta ta kama a gwajin farko, akwai gurasa ɗaya, ba nama.